Kantar Hannun Iya Da Injunan Baje Koli

 

Ya ke 'yar'uwa mai karatu, in akwai tsohuwa a gidanku wadda ta ba saba'in baya, ina roƙonki ki je ki gaishe ta yau, ki ce ta ara miki tafin hannunta ki duba. Sannan ki buɗe naki ki gwama. Abin da za ki gani a tsakanin hannuwan nan biyu shi ne tarihin da nake son ba ki.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, a wani ƙauye cikin ƙasar Makoɗa ta yi rayuwarta tun daga aure har kabari. Tafin hannunta kamar ƙirgi yake don kanta. In ta shafa miki fuska sai ki ji kamar an goga miki soso. Ina ƙarama nakan tsokane ta in ce, "Iya, da wannan hannun kika riƙe Malam shekara arba'in bai yi miki kishiya ba?" Sai ta yi dariya ta ce, "Ke ce ai kishiyar tawa, ja'ira. Hannun nan da kike rainawa shi ya ciyar da uwarki."

Gaskiya ta faɗa. Kafin tuwo ya hau faifai a zamaninsu, sai an zaro damin dawa ko na gero daga rumbu an yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace, a wanke, a shanya ya sha iska, sannan mace ta durƙusa gaban dutsen niƙa tun kafin kiran assalatu. In ta gama ta tankaɗe, tsakin ya koma dutse. Wannan na tuwon dare ne kawai fa, ba a zo ga dakan fura ba, ba a zo ga jan ruwa a rijiya mai gaba ashirin ba. Kuma kullum ne, ba Juma'a ba Sallah, sai dai ranar da mace ta kwanta haihuwa. Ni sunan garin namu ma kullum yana tuna mini da makoɗi, ɗan dutsen nan mai tauri da ake sassaƙar fuskar dutsen niƙa da shi in ta yi sulɓi ta daina cin hatsi. Yaran yanzu ko kalmar ba su sani ba.

To ina ruwan wannan da kasuwar baje koli? Ki yi haƙuri, zan kai ki.

Kalmar baje koli tamu ce tun kaka da kakanni. Ɗan koli shi ne mai yawo kasuwa-kasuwa da 'yar jakarsa, ya sami inuwa ya shimfiɗa tabarma, ya baje allura da zare da madubi da kwalli da tsakiya da turare, mata su aiko yara su ɗauko a gani a zaɓa. Kasuwar Kurmi ta birnin Kano kuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Saboda haka ba wanda zai koya wa Bakano nuna haja. Abin da ya zo mana daga waje shi ne a ware fili guda da 'yan kwanaki, a tara masu ƙera injuna daga ƙasashe, kowa ya kunna nasa jama'a su yi kallo. Turawan Ingila ne suka yi wanda ya yi suna a duniya, a birnin Landan cikin 1851, zamanin Sarauniya Biktoriya, a wani makeken gini na ƙarfe da gilashi, mutum wajen miliyan shida suka shiga kallo. A wannan shekarar dai wani Ba'amurke mai suna Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa, wanda jikokinsa suke ɗakunan iyayenmu har gobe. A 1924 kuma aka yi wani gagarumin baje kolin a Wembley na ƙasashen da Ingila ke mulka, aka gina ganuwa irin ta biranenmu na Arewa, aka kwashi masu sana'ar hannu daga Nijeriya aka kai su suna aiki ana kallonsu. Kin ga rabon da aka yi ke nan tun farko: su suna nuna inji, mu ana nuna mu da hannu.

Injin farko da ya taɓa rayuwar ƙauyukanmu bai shigo ƙauyen ba ma, a Kano ya tsaya. Jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fatauci a 1912. Turawa auduga suke hange don masaƙunsu na Ingila, amma manomin Kano ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi: tana son jigawa irin tamu, ana shuka ta a tsakanin gero, in farashi ya faɗi a ci abinta, harawarta kuma dabbobi su ci. Cikin 1913 kaɗai sai da aka fitar da kusan tan 19,000 daga Nijeriya. Daga nan aka shiga zamanin dalar gyaɗa, zamanin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da 'yan baranda da masu sikeli da jakuna da raƙuma a kan hanyar Ɗambatta suna ɗibar buhuna zuwa birni. Cikin shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa a duniya.

Ana yawan ba da wannan labari da hoton maza majiya ƙarfi ɗauke da buhu a ka suna hawa dala. Ba a cika tambayar wa ya ɓare gyaɗar da ke cikin buhun ba. Mata ne da yara. Iya ta ce in kaka ta yi, har dare ake kaiwa ana ɓara, wasu da hannu, wasu a turmi da taɓarya a hankali don kada ƙwayar ta farfashe mai sikeli ya rage kuɗi. Daga baya aka kawo injin ɓara na hannu, mai mariƙi ana kai shi ana komowa, ya rage wahala ƙwarai. Amma kuɗin gyaɗar aljihun maigida yake shiga, ya biya haraji, ya yi wa iyali tufafin Sallah, in da saura ya ƙara aure. Abin da ke shiga hannun mace shi ne 'yar kalar da ta tsinta a gona bayan an cire, da wadda ta saya da kuɗin adashinta ta soya ta matse.

Wannan matsar ita ce masana'antar matan ƙasarmu, kuma ta girmi duk wata masana'anta da ke Bompai. A soya gyaɗa sama-sama, a murje, a fece ɓawon, a daka ko a niƙa har ta zama laƙwam, a zuba a turmi ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya, ana juyawa, har mai ya fara tsattsafowa ya taru a sama. A kwashe man, abin da ya rage shi ne tunkuza, a mulmula a soya cikin man nata ya zama ƙuli-ƙuli. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, amma hannu ba ya iya fitar da shi duka, kuma wannan ragowar man da ya maƙale shi ke sa ƙuli ya yi garɗi. Ki riƙe wannan magana, za mu dawo kanta. Mata masu sana'ar sukan ce mai shi ke mayar da uwar kuɗi, riba tana cikin ƙuli. Da wannan riba ake zubin adashi, da ita ake biki, da ita ake tara wa 'ya kwalla da samira da gadon ƙarfe tun tana goye. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, daga baya kuma a Ɗorayi kusa da Kano a farkon shekarun 1970, ta rubuta cewa akwai wata babbar kasuwa a ƙasar Hausa da baƙo ba ya gani, don a cikin gidaje take ci, matan kulle ke riƙe da ita, yara ne ƙafafunta. Mu ba mu bukaci a zo daga Ingila a gaya mana ba, a cikinta aka haife mu, amma dai ta kyauta da ta rubuta.

A birni kuwa manyan injuna suna ta shigowa. Tun cikin shekarun 1940 'yan kasuwa Kwarori da wasu baƙi suka fara kafa injunan matsar gyaɗa a Kano. Aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, zamanin Sardauna. Bompai ta cika da masana'antu, daga baya aka yanka Sharaɗa da Challawa. Samarin ƙauyukanmu da yawa sun tafi cin rani sun zama leburorin kamfani, suna dawowa da rediyo da agogo da keke. Sai fari ya zo a 1972 da 1973, sai kuma cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari. Dala ta rushe, ba ta sake tashi ba. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta daina waiwayar gyaɗa. Gwamna Audu Baƙo dai, Allah Ya jiƙansa, ya bar wa jihar madatsun ruwa irin su Tiga da Bagauda, mu ma a nan arewa muna da na Tomas da ake noman rani a bakinsa.

A wannan tsakanin ne injin niƙa ya iso ƙauyenmu, ina 'yar yarinya. Ba zan manta ranar ba. Wani attajirin ƙauyen ne ya sayo shi, aka kawo a bayan akori-kura, aka yi masa 'yar rumfar kwano a bakin kasuwa. Baƙin inji ne mai manyan ƙafafu biyu na ƙarfe, ana zuba masa man gas, ga durom na ruwa a gefe yana sanyaya shi, sai ƙato ya murɗa hannu da ƙarfi sannan ya tashi, yana tuf-tuf-tuf ana ji har ƙauyen gaba. Lista ake ce masa, sunan kamfanin Lister ne na wani gari Dursley a Ingila, wanda ya fara ƙera irin wannan inji tun wajen 1930. Daga baya mutanen Indiya suka kwaikwaye shi, musamman a garin Rajkot, nasu ya fi araha, shi ya cika ƙauyuka, amma sunan Lista bai canza ba. Aikinsa ba wani sihiri: dogon bel ne ke ɗauko juyi daga injin ya kai wa wasu farantan ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, hatsi ya faɗa tsakaninsu ya fito gari. Dutsen niƙa ne da ɗansa aka mayar ƙarfe aka sa musu doki.

Maza suka ƙi shi da farko. Wai tuwon inji yana warin ƙarfe, wai ba ya danƙo, wai ba ya kwana. Akwai magidancin da ya yi rantsuwa ba zai ci ba, matansa suka riƙa aika yara ta bayan gida da kwano a lulluɓe, ya shekara yana ci yana yabon hannun uwargida. Amma ki san wani abu, zancen warin ƙarfen nan ba duka ne ƙarya ba. Farantan suna cin juna, suna sulɓi, sai a kwance a kai a wasa su, kuma niƙan farko bayan wasawa yakan fito da ɗan baƙi-baƙin garin ƙarfe. Mai inji na kirki yakan fara zuba dusa ta wanke shi kafin ya karɓi na mutane. In kin ga garinki ya fito da duhu ko kin ji ƙasa-ƙasa a haƙori, ki tambaya ko ranar aka yi wasa, musamman in na kunun yaye ne.

Wallahi inji ya yi wa mata rana, wanda duk ya ce ba haka ba bai taɓa durƙusa gaban dutse da cikin wata takwas ba. Aikin da ke cin safiya guda ya koma na minti kaɗan. Bayan mata ya huta, ƙirji ya huta. Sai dai akwai waɗanda ba a tuna da su. A kowane ƙauye akwai matan da dakau da niƙau ne abincinsu: gwauraye, da waɗanda miji ya tafi ya bar su da yara, da tsofaffin da ba su da mai yi musu. Su bi gidajen masu hali su yi surfe su yi daka, a ba su 'yan kuɗi da dusa da ɗan tsaki. Ranar da Lista ya yi kukan farko, rabin abincin waɗannan bayin Allah ya yanke, injin surfe da na sussuka suka zo daga baya suka ƙarasa sauran. Kuɗin da ke fita daga hannun mace ya shiga hannun wata mace a cikin unguwa, yanzu ya koma fita daga hannun mace ya shiga aljihun namiji mai inji, daga nan ya wuce gidan mai, ya wuce wajen mai kayan gyara a birni, ya ƙetare teku. Na yi ta lissafi a raina, duk injunan niƙan da na sani a yankinmu tun daga wancan lokaci, da ƙyar zan cika yatsun hannu ɗaya da waɗanda mace ta mallaka. Aikin namu ne tun fil'azal, amma da ya zama mai kawo kuɗi da yawa sai ya sauya jinsi.

Ga kuma 'ya'ya mata da aka mayar 'yan layin inji. Da aka buɗe makarantun UPE a 1976, sau nawa yarinya ta makara ko ta fasa zuwa don kwanonta yana bayan kwano talatin? Ban da haɗarin bel ɗin nan da ba a rufe shi, wanda in ya kama gefen mayafi ko hijabi ba ya saki. Don Allah in za ki aiki yarinya ki ja mata kunne ta tsaya nesa, ta tattare mayafinta.

Yanzu mu zo kasuwar baje kolin. An fara ta Legas a 1977, lokacin da naira ke taƙama. Ta Kaduna ta biyo baya ba da jimawa ba, ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna ke shirya ta, a da a Dandalin Murtala, daga baya aka koma filinta na dindindin a Rigachikun kan hanyar Zariya. Ta Kano kuma tana ci a filinta na titin gidan Zoo wajen ƙarshen shekara. Wadda duk ta taɓa shiga ta san daɗin wurin: kiɗa ta ko'ina, ana raba hula da kalanda, ga masu atamfa, ga masu sabulu, ga masu tukwane, can ciki kuma ga rumfunan injuna, wurin da maza ke cincirindo. Tarakta ja da kore, injin casar shinkafa, injin yin bulo, injin ban ruwa, janareto kamar ɗaki. Kowanne an goge shi yana sheƙi, ga saurayi da taye a wuya yana zuba bayani.

Na tsaya gaban wata tarakta ina tuna gonar mahaifina. Ƙasarmu ta cika da mutane tun da daɗewa, gona na jikin gona, ba daji ba saura, kowace shekara ana nomanta da takin gida da jakuna ke kaiwa a mangala, kowane gado kuma ƙara tsaga ta yake yi. A cikinta ga gero ga dawa ga wake ga gyaɗa a cakuɗe, ga gawo ga ɗorawa ga kuka a tsaye. Ina tarakta za ta juya a nan? Garmar shanu ma ta ishe mu alheri. Injin da ƙauyenmu ke bukata shi ne na bayan girbi, na aikin da ke jiran mace a tsakar gida, kuma irinsa yakan kasance can ƙurya, a 'yar ƙaramar rumfar wata cibiyar bincike kamar ta aikin gona da ke Samaru a Zariya, ko ta wani maƙeri ɗan gida wanda ba shi da kuɗin lasifika.

Shekarar 1986 ta sauya komai. Gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta gyaɗa. Nairar da take kafaɗa da kafaɗa da dala a 1985, kafin 1993 sai an ba da wajen 22 a farashin gwamnati kafin a sami dala ɗaya. Duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, kayan gyaran inji suka fi ƙarfin mai inji, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Mazan da suka tafi Bompai da Kakuri suka fara dawowa gida hannu rabbana, nauyin cefane ya ƙara faɗowa kan ƙuli da taliya da ɗinkin mata. A 1987 aka hana shigo da alkama, fulawa ta yi tsada, masu murza taliya a ɗan injin hannun nan da ake ɗaurewa a jikin benci suka ji a jikinsu. A wannan shekarar ce kuma Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin Better Life don matan karkara, aka ce mata su kafa ƙungiyoyi, aka rarraba kekunan ɗinki da injunan saƙa da na niƙa, har ana shirya baje kolin kayan da matan ƙauye suka yi da hannunsu. Maryam Abacha ta biyo da nata shirin tallafa wa iyali a 1994. Ba zan ce ba a amfana ba, akwai matan da suka koyi ɗinki da saƙa a lokacin har yau da shi suke ci. Amma kyautar inji daban, riƙon inji daban.

Mu ma mun ɗanɗana tamu, kuma da kuɗinmu. Cikin waɗannan shekaru ne mu matan dangi da maƙwabta, mu goma sha biyu, muka yi shawarar haɗa kwasar adashi biyu mu sayi injin matsar mai. Ni da wata yayata da mijinta muka je wata baje koli muka gani. Mai sayarwa ya zuba gyaɗa ta sama, mai ya tsiyayo ta ƙasa garai-garai kamar zuma, ko suya ba a yi ba. Yayata ta riƙe baki. Ya dube ta ya ce, "Hajiya, abin da kuke yi a kwana uku, wannan kafin azahar ya gama." Mijin yayata ya ce, "To Malam, in ya lalace fa?" Ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan sai dai jikoki su gada." Ya ba mu kati mai adireshi da lambar waya. Ba wanda ya yi tambayar da ta kamata a cikinmu, ni ma da nake ganin na yi boko ban yi ba.

Da aka kawo shi sai muka tarar da wutar lantarki yake aiki, mai ƙarfi ma irin ta masana'anta, mu kuwa ko turken wuta babu a ƙauyen. Muka ƙara bin bashi aka haɗa shi da injin gas. Ya tashi, mai ya zubo, aka yi guɗa. Sai aka dubi abin da ke fitowa ta ɗaya bakin: wani busasshen abu kamar ɓawon itace, ya matse man tas, ya ƙone shi da zafi. Iya ta ɗauki ɓallin guda ta sansana, ta ɗan gatsa da sauran haƙoranta, ta tofar ta ce, "Wannan ai na shanu ne. Ina tunkuzar?" Nan jikin kowa ya yi sanyi. Injin an ƙera shi ne don masana'antar da mai take so, dusar ta sayar wa masu kiwo. Mu kuwa ribarmu tana cikin ƙulin da ya hana mu. Ga shi da ci, sai an tara buhuna kafin kunna shi ya biya kuɗin man gas, mu da muke sayen gyaɗa tiya biyar tiya goma ranar Lahadi a kasuwar Ɗambatta. Bai cika wata huɗu ba wani ƙarfe ya karye a cikinsa. Aka kai Ƙofar Ruwa, aka zaga duk masu kayan ƙarfe, babu irinsa. Aka buga lambar da ke jikin kati, ba ta shiga. Aka rubuta wasiƙa, shiru kamar an shuka dusa. Shekara biyu muna biyan bashi, zumunci har ya so ya taɓu, don kowa tana ganin wata ce ta ja ta. Injin yana nan a zaure har kaji suka mayar da shi wurin ƙwai, daga baya 'yan gwangwan suka saya a kilo.

Abin da ya zauna da gindinsa a sana'ar, ba wanda ya yi masa talla da lasifika. Mace ta soya gyaɗarta a gida yadda ta saba, ta fece, ta aika a markaɗo mata a ƙaramin injin unguwa, a dawo mata da ita ta matse da ruwan zafi, ta sami manta ta sami tunkuzarta. Injin ya ɗauke mata dakan, ya bar mata sana'ar. Daga baya masu walda na gida, irin na Kano da na Panteka a Kaduna, suka ƙera injin juya tunkuza wanda ke kwaikwayon taɓarya a turmi, in ya lalace kuma wanda ya ƙera shi yana nan kusa, ana iya zuwa a tsaya masa a ka. Haka keken ɗinki, Singer da Butterfly ta ƙasar Sin: ƙafa ce wutarsa, yana shiga ɗakin matar kulle, allurarsa da bel ɗinsa suna kowace kasuwa, mai gyaransa yana yawo a keke. Shi ya sa ya shiga kayan ɗakin amare ya zauna.

Manyan kuwa da muke kallo da sha'awa, da yawansu sun riga namu mutuwa. Masaƙar Kaduna ta 1957 ta rufe a 2002, masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa sun koma rumbunan ajiyar kayan waje. Baje koli dai ba ta fasa ci ba. In kika shiga ta yanzu za ki ga injunan ƙasar Sin da na Indiya sun fi yawa, ga injin niƙa da na markaɗe da firji masu aiki da hasken rana, waɗanda mutane suka ƙara waiwaya tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin niƙan kwano ya ninka. Ina ganin akwai alheri a cikinsu, musamman da yake ba su da ƙara ba su da hayaƙi, mace za ta iya ajiye nata a tsakar gida ba sai an yi masa rumfa a kasuwa ba. Amma tun 2024 dala ta haura naira dubu, kuma duk wani ƙarfe da batir da ke jikinsu da dala aka sayo shi. In ƙungiyarku ta tara kuɗi za ku je, ku tafi da gyaɗarku ko geronku a ƙulle, ku ce a zuba naku a gabanku, ku ɗanɗana abin da ya fito ta kowane baki. Ku tambayi me yake ci, nawa yake ci, wane ƙarfe ne ke fara mutuwa a jikinsa, a wace kasuwa ake samunsa a Kano, wane bakanike ne ya san shi. Ku ce a nuna muku garin da irinsa ya shekara biyu yana aiki, ku biya kuɗin mota ku je ku tambayi matan garin. Kuma takardar sayen ta fito da sunan ƙungiyarku, ko da maza ne suka raka ku.

A daminar 1994 ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki kan rikicin zaɓen 12 ga Yuni, aka yi makonni ba fetur ba gas ba kananzir. Lista ya yi shiru a duk ƙauyukan yankinmu. Turmi dai yana nan a kowane gida, aka koma daka, 'yan matan da ba su saba ba hannuwansu suka yi bororo suka fashe. Mu kuma muka tuna da dutsen Iya, wanda aka jingine a bayan rumbu ana zama a kai ana alwala. Aka kinkimo shi aka wanke, aka zuba dawa, ɗan dutsen sai zamewa yake yi, fuskar ta yi sulɓi kamar tangaran. A duk gidan, mata bakwai, ba wadda ta san abin yi. Iya tana daga ƙofar ɗakinta, lokacin idonta ya fara rauni, ta ce a duba ƙarƙashin gadonta akwai wani ƙullin tsumma. Aka ɗauko, makoɗinta ne. Ta sa aka zaunar da ita gaban dutsen, ta laluba fuskarsa da tafin hannu, ta fara sara a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ta ce in matso kusa in ga yadda ake karkata hannu.